Ranar da Na Kai Yaya Otal a Kaduna

Na san abin da ake gaya muku a gidan kakanninku. Ana cewa Rabi ta ɗauki uwarta tana fama da ciwon ajali, ta kai ta otal ɗin Turawa a Kaduna, ta ɗora ta kan kujera wuni guda ba ci ba sha, kuma tun daga ranar ba ta ƙara miƙewa ba. Kawunku Haruna ya maimaita wannan maganar a gabana ranar sunan Bilkisu, yana dariya, yana zaton tsufa ya toshe mini kunne. Ban tanka masa ba saboda akwai surukai a wurin. Yanzu zan tanka a rubuce, don ko bayan raina kada wani ya ƙara gishiri. Haruna yana yawo ba wando lokacin da abin ya faru, bai san komai ba. Na kai ta, gaskiya ne. Mun wuni, shi ma gaskiya ne. Sauran kuwa sai ku saurara.

Ni ce 'yar farin uwata. Ku da kuke hawa cinyata kuna kiran sunana gatsal ba za ku gane nauyin wannan ba. A ƙauyenmu, can tsakanin Funtua da Malumfashi, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta sa loma a baki in yana wurin. Kunya ake ce wa wannan, kuma abin yabo ne. Wasu matan suna yi na 'yan shekaru su sassauta. Uwata ba ta taɓa sassautawa ba. Har misali ake yi da ita a gidajen biki, a ce wa amarya ta koyi kunya irin ta matar Malam Sule. Da aka yaye ni sai aka miƙa ni ga ƙanwar babana, Goggo Lami, a Funtua, ita ta goya ni, ita ta yi mini kitso, ita ta dake ni. In na je ƙauye hutu, ina jin ƙannen uwata suna ce mata Yaya, ni ma na bi su, ba wanda ya gyara mini. Har ta koma ga Allah, Yaya nake ce mata.

Ba wai ba ta yi mini magana ba ne. Tana yi, amma ba da ni ba. In ta ga zanina ya yage sai ta ce wa ƙanwata Uwani, ki ce wa waccan ta kawo a ɗinke. In Uwani ba ta kusa sai ta faɗa wa kowane yaro yake wucewa. Akwai ranar da muka rage daga ni sai ita a tsakar gida, ta dubi akuya ta ce, wai mutane ba su san rana ta take ba da za su koma inuwa. Na tashi na koma inuwa. Abinci kuwa, mafi kyau take zuba mini, naman da ya fi tsoka a kwanona yake sauka, amma da zarar na buɗe kwanon sai ta ɗauki nata ta shige ɗaki ta saki asabari.

A Funtua katanga ɗaya ce ta raba mu da wasu Yarbawa masu sayar da kwanuka da atamfa a kasuwa. Matar gidan kowa Mama Lamidi yake ce mata, da sunan babban ɗanta, kuma a bakinta sunan nan ba ya hutawa daga safe har dare. A Funtua aka haifi 'ya'yanta duka, Hausarsu ta fi tawa zurfi. Ina yawan shiga gidan in tarar da su sun zagaye akushi ɗaya, uwa da 'ya'ya, tana bugun hannun Lamidi in ya kai wa namanta hari, yana dariya baki cike. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma abin nan ya zauna mini a ƙirji tun ina ƙarama. Mijin Goggo ma'aikacin jirgin ƙasa ne, shi ya sa ni makaranta, na yi har sakandare ta 'yan mata, na dawo na kama aikin buga tafireta a ofishin kamfanin gurzar auduga. Makaranta ta koya mini tambaya, aikin kuma ya sa mini albashi a hannu. Bakina dama tun asali ba shi da linzami.

'Yan shekaru ne bayan Turawa sun miƙa mulki, a ƙarshen damina, auduga ta fara fashewa a gona, aka aiko cewa Yaya ba ta da lafiya. Na je na same ta ta rame, cikinta ya ɗan tasa, tuwo ba ya zama. Na matsa wa Baba har ya yarda aka kai ta asibitin Malumfashi. Malamin asibitin ya daɗe yana taɓa cikin, sannan ya ce sai an je babban asibiti a Kaduna an ɗauki hoto. Da muka fito ya kira ni gefe ya yi mini bayani da Turanci, ƙasa-ƙasa. Ƙari ne, ya ce, kuma ya girma. A je Kaduna dai, amma kada in sa rai da yawa. Baba yana tsaka da shirin cirar auduga, ga shi ba ya jin Turanci, saboda haka aka tsayar ni da Goggo za mu raka ta bayan 'yan makonni.

A motar komawa Funtua na yanke shawara. Ban nemi ta kira sunana ba, wannan na san ko da wuƙa a wuya ba za ta yi ba. Abu ɗaya nake so, in ci abinci da uwata sau ɗaya kafin ta tafi. A gida ba zai yiwu ba, akwai ɗaki, akwai asabari, akwai idon maƙwabta. Sai na tuna Lamidi. A lokacin ya zama babba cikin masu kai abinci a wani otal da duk Kaduna ake maganarsa, inda ministoci da Turawan banki suke cin abincin rana. Na taɓa leƙawa sau ɗaya da ofis ya aike ni, na ga tebura da fararen mayafai, kujeru suna fuskantar juna. A wurin nan babu ɗakin da mutum zai shige. In an zauna, an zauna.

Allah ya sa Lamidi ya zo ganin gida a makon. Na tare shi a rumfar uwarsa yana taya ta jera tasoshi, na gaya masa ina son tebur na mutum biyu. Ya ɗauka saurayi na yi, ya fara tsokana, wai wane mara rabo ne ya faɗa hannun Rabi. Da na ce uwata ce, ya ajiye tasar hannunsa.

"Yayar taki da ko a gidan biki ba ta cin goro a gabanki? Ƙanwata, kin fara shan wani abu ne a ofishin nan?"

Na ce masa ba shawara na zo nema ba, tebur na zo nema. Na gaya masa abin da malamin asibiti ya ce. Daga nan bai ƙara dariya ba. Muka zauna a kan buhu muka shiga tsara abin, Mama Lamidi tana jin mu tana sa baki ba a tambaye ta ba. Na ce ba na son kusa da inda ake shan giya, ko warinta kada ya iso. Ya ce akwai tebur a lungu bayan ginshiƙi, kusa da tagar da take kallon lambu, Turawa ba sa sonsa saboda fanka ba ta kaiwa can. Na ce shi nake so. Na ce a kwashe wuƙaƙe da cokula masu yatsu, a bar cokali ɗaya ɗaya, a kawo tasar wanke hannu. Ya ce manaja zai yi magana. Na ce ya yi. Sai muka zo kan abincin, nan ne muka daɗe. Na ce tuwon shinkafa mai laushi da miyar kuka, ya ce kukun gidan zai gwammace ya ajiye aiki da ya tuƙa tuwo. Ya lissafa mini abin da suke dafawa, naman sa da jini a ciki, naman alade, kifi da dankalin Turawa, wani ganye ɗanye da ake ci kamar awaki. Na ce ko ɗaya. A ƙarshe muka tsaya a kan romon kaza da aka tace, da shinkafa a dafa ta har ta narke, sai wani abu mai zaƙi da ake yi da madara da ƙwai, kastad, wanda ya ce ko jariri zai haɗiye. Na sa shi ya rantse mini cewa Musulmi ne yake yanka musu kaji. Mama Lamidi ta ce in saya wa matar takalmi mai kyau, kada mai gadi ya raina ta, ta kuma zaro wata atamfa daga ƙasan kaya ta ce wannan tata ce gudummawa.

Sau da yawa bayan nan na yi amfani da tarhon ofis in an fita sallah, in nemi a haɗa ni da Kaduna, in tambayi Lamidi ko teburin yana nan. Har ya gaji ya ce in na ƙara kira zai ba wani Bature. Ranar ganin likita Laraba ce, saboda haka muka sa Alhamis da rana, kafin mu kamo jirgin ƙasa na Juma'a.

Saura Goggo. Na same ta tana tsince shinkafa na gaya mata komai, har da cewa ita za ta zauna a masauki, don in tana wurin Yaya za ta maƙale a bayanta. Ba ta ɗago ba. Ta ce ba ta san otal ba, ba ta kuma sha'awar saninsa. Ta ce abin da nake shirin yi tsiraici ne zan yi wa matar da ta rufa wa kanta asiri shekara da shekaru. Na ce asirin me, ni ɓarauniya ce da za a ɓoye mini baki? Sai ta ɗago.

"Ni na tauna na ba ki a baki, Rabi. Ba ki taɓa cewa za ki kai ni ko'ina ba."

Wannan maganar ta shige ni, har yau. Na ce mata wata rana zan kai ta. Ta ce in riƙe abina. Ta kuma ce saƙon nan ba za ta kai shi ba, tunda na iya Turanci sai in iya gaya wa uwata da bakina.

Haka na yi. Ranar da na je ɗauko Yaya daga ƙauye na same ta zaune a ƙofar ɗaki tana kallon Uwani tana sussukar gero. Na ajiye takalmin da atamfar a gabanta, na durƙusa, na yi mata magana kai tsaye, abin da ban taɓa yi ba da doguwar magana. Na ce, Yaya, in mun gama da likita zan kai ki wani wuri mu ci abinci, ni da ke. Uwani ta tsaya da taɓarya a sama. Yaya ta ɗauki takalmin ta juya shi ta duba ƙasansa, ta daɗe. Sannan ta ce wa Uwani, ki ce mata na ji. Ban san ko yarda ce ko ƙi ba. Na ɗauke ta a matsayin yarda, don haka nake so.

Likitan Kaduna bai faɗi sabon abu ba. Ya ɗaga hoton a haske, ya nuna mini da bakin alƙalami, ya ce aiki ba zai yi amfani ba, a kai ta gida, a ba ta abin da take so, kaɗan-kaɗan, kada a bar cikinta fayau. Na gaya wa Goggo a baranda, Goggo ta shiga ta gaya wa Yaya a yadda ta ga ya dace. Yaya ta ce Allah shi ne masani, ta tambaya ko an kusa la'asar.

Ranar Alhamis na fito daga wanka na same ta ta riga ni shiryawa. Ta ɗaura atamfar, ta sa takalmin, ta yafa babban mayafinta na zuwa biki, har da kwalli. Raina ya yi fari. Goggo tana zaune a gefe tana jan carbi, ba ta ce mana a dawo lafiya ba. Muka hau tasi, Yaya ta manne da ƙofa tana kallon waje. A bakin otal mai gadi ya sara mana, Lamidi ya fito da kansa cikin farin kaya da jar ɗamara, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta kamar a tsakar gidan Funtua, Turawa biyu suna kallo. Ya wuce gaba muka bi shi tsakanin teburan. Takalmin yana damunta, tana ɗaga ƙafa kamar mai tafiya a cikin ruwa. Teburin yana nan yadda muka tsara, cokali ɗaya ɗaya, tasar ruwa, har ya sa fure a kwalba, abin da ban ce ba. Ya ja mata kujera ta zauna a bakinta, ta karkata jikinta wajen taga.

Romon ya iso yana tururi. Na wanke hannu, na yi bisimilla da ƙarfi don ta ji. Ita kuwa ta ɗaga kai ta dubi Lamidi.

"Ɗan nan, sannu da ɗawainiya. Ka sanar da ita ina azumi."

Alhamis. Ni da kaina na zaɓi ranar, ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa ranar azumin nafila ce. Daga baya Goggo ta gaya mini ta ji motsinta kafin asuba tana kurɓar ragowar kunu, ta gane, ta yi shiru. Kun ga dabarar? Ba ta ƙi ni ba, ta sa kayana, ta zo inda na ce. Ba ta kuma karya kunyarta ba. Kuma ba mai iya ce wa mutum ya karya azumi don kastad.

Na faɗi maganganu. Na ce likita ya hana, na ce Allah bai ɗora wa mara lafiya ba, na ce wannan ba ibada ba ce, gudu ne. Muryata ta tashi har wata Baturiya ta juyo. Yaya ba ta motsa ba, ta ce wa Lamidi ya ce mini in ci, abincin zai huce, an yi asara. Lamidi ya tsaya da tire a hannu, ya dube ni, ya dube ta, gumi yana bin wuyansa. Ya ce ko ya naɗe mana mu tafi da shi masauki. Na ture farantin.

"Mai da shi. Azumi yana da iyaka. Za mu jira magariba."

Ya sunkuyo ya ce mini ana rufe ɗakin bayan abincin rana, ba a buɗewa sai dare, manaja ba zai yarda ba. Na ce to manaja ya zo ya ɗaga mu. Na kuma ce, da ƙarfi yadda za ta ji, duk mai son tafiya ƙofa a buɗe take, tasi yana waje, ni dai ina nan. Ku lura da wannan, don shi ne abin da Haruna bai sani ba. Ban riƙe ta ba. Da ta miƙe da na bi ta, da na kai ta masauki. Ba ta miƙe ba. Ta gyara zama, ta zare takalmin a ƙarƙashin tebur, ta jingina.

Masu cin abinci suka watse. Aka kashe fankoki, aka zo aka share, aka kifa kujeru a kan wasu teburan. Manajan ya leƙo, Lamidi ya tare shi a ƙofa, na ji yana shan faɗa da Turanci, yana ta cewa uwarsa ce daga ƙauye, ba ta da lafiya. Bature ya ɗaga kafaɗa ya tafi. Da azahar Lamidi ya kai mu bayan kicin inda ma'aikata suke sallah, ya ba mu buta da tabarma, da la'asar ma haka. Kowane lokaci ina cewa a raina daga nan za ta nufi ƙofa. Kowane lokaci sai ta koma kujerar nan ta zauna. Ni da ba na iya jiran ruwa ya tafasa, ranar na zauna ina kallon inuwar ginshiƙi tana tafiya a ƙasa. Leɓɓanta sun bushe, wani lokaci ta dafe ciki ta runtse ido har abin ya lafa. Na so in ce mu tafi. Na buɗe baki ma. Sai ta fara magana.

Lamidi ya jawo wani tebur kusa da mu yana naɗe adikon da za a jera da dare, don kada a ce ya bar aiki. Da shi take maganar. Ta tambaye shi lafiyar uwarsa, ta tambaye shi ko yana da iyali, ya ce matarsa ta haihu bara, mace. Ta ce ta fari? Ya ce ta fari. Ta tambaya ko matar tana ɗaukar ta a gaban mutane. Ya ce har rawa take yi da ita. Yaya ta ɗan yi murmushi tana kallon lambu. Ta ce kowa da irin nasa. Sannan ta ci gaba.

"Ranar da aka zo tafiya da tawa Funtua, ban fito ba, don kada a ce. Da na ji sun bar ƙofar gida sai na ɗauki tulu na bi ta bayan gari, kamar zan je rafi. Ina hango su a kan hanya, tana bayan Lami tana ta waige. Na bi su har inda mota take tsayawa, na laɓe a bayan kuka. Da motar ta tashi na koma. Na shiga gida da tulu ba ruwa, surukata ta tambaya, na ce rafin ya yi laka."

Lamidi ya daina naɗe adikon. Ta ce masa nonon ya yi kwanaki yana zuba, tana ɗaure ƙirji da tsumma. Ta ce duk hutun da yarinyar za ta zo, tun ana saura mako take ware kazar da za a yanka. Ta ce da aka ce yarinyar ta ci jarrabawa, ta shiga rumbu ta yi guɗa a ciki inda ba mai ji. Duk wannan fuskarta tana wajen taga, muryarta ba ta rawa, kamar mai ba da labarin farashin gero. Lamidi ya share wuya, ya rasa abin yi, ya ce, Rabi, kin ji? Na ce na ji. Farin mayafin teburin nake kallo.

Da rana ta faɗi muka jiyo kiran sallah daga nesa, wajen gari. Lamidi ya kawo ruwa a kofin gilashi. Ta ja mayafi ta rufe gefen fuskarta, ta sha, ina jin yadda ruwan yake wucewa da ƙyar. Ya ce romon ya daɗe da komawa tukunya, kuku bai hura wuta ba tukuna, abin da yake akwai sai kastad mai sanyi. Ya kawo shi a ƙananan kwanuka biyu, ya ajiye ɗaya a gabanta, ɗaya a gabana. Ta dubi nata.

"Ɗan nan, wannan ya yi mini yawa. Ɗauke ɗaya. A bar ɗaya a tsakiya."

Ya ɗauke nawa, ya tura nata tsakiyar tebur, ya tafi can nesa ya juya mana baya yana goge gilasan da ba su da datti. Ta ɗauki cokali. Ba ta juyo ba, fuskarta tana wajen taga, mayafin yana tsakaninmu, hannunta ne kawai ya lallaɓo ya nemo kwanon. Ta ɗiba ta kai ƙarƙashin mayafin. Na ɗiba. Ta sake ɗiba. Sau ɗaya cokalinta ya bugi nawa, ta janye da sauri, ta jira, sannan ta dawo. Ba ta ci da yawa ba. Da ta ajiye cokalin sai ta tura kwanon wajena da ɗan yatsa, na cinye sauran, ban ji ɗanɗanon komai ba. A lokacin aka fara kunna fitilu, mutanen dare suka fara shigowa da kwat da turare, ta laluba da ƙafa ta sa takalminta.

A tasi, ba mu yi nisa ba ta ce wa direba ya tsaya. Ta buɗe ƙofa ta sunkuya a bakin kwata, duk abin da ta ci ya dawo. Na riƙe mata goshi, ba ta ture hannuna ba. Da ta koma ciki ta goge baki da gefen mayafi, ta jingina kai da kujera, numfashinta sama-sama. Ina kuka a lokacin, ba na ɓoyewa. Ta ce wa direban, mutumin da bai san mu ba, bai san daga inda muke ba:

"Malam, ka ce mata ta bari. Ya yi daɗi."

Direban ya waigo ya dube ni, ya ce, Hajiya ta ce ki bari.

Ta rasu kafin a gama kai auduga kasuwa, a ɗakinta, Uwani tana riƙe da ita. Ina Funtua a bakin tafireta aka zo aka faɗa mini. A zaman makoki na ji mata suna ƙus-ƙus, ana nuna ni da baki, Goggo kuma ba ta kare ni ba, ba ta kuma zarge ni ba, har ta mutu ba mu sake tayar da maganar ba. Ko wunin nan ya rage wa Yaya kwana, Allah ne ya sani, likita dai ya riga ya gama maganarsa tun ranar Laraba. Ni abin da na sani, ƙofa tana buɗe tun azahar, matar nan ta zauna. Wanda duk ya sake ce muku na kai uwata otal na hana ta abinci, ku ce masa ƙarya ne, mun ci, a kwano ɗaya.